Tokar da Na Goge a Goshinka

Zuwa ga Magaji,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Yesu Kristi. Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yaran nan biyu. Allah ya sa ku tashi jibi lafiya, ya kiyaye motar da za ta kwashe ku zuwa ƙasar Haɗeja, ya sauke ku a hannun mutanen kirki. Amin.

Za ka yi mamaki, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, amma ga takarda. To, ka san halina, na san naka. In na kira ka zaure, kafin in kai tsakiyar magana ka sunkuyar da kai kana tonon ƙasa da tsinke, ni kuma raina ya ɓaci in hau faɗa, a tashi ba a ƙulla komai ba. Takarda ba ta ɗaga murya. Ni ban yi boko ba, ban yi allo ba, Malam Luka katikis, mai koyar da addini a cocinmu, shi ne ya riƙe mini alƙalami, na kuma ja masa kunne cewa yadda magana ta fito daga bakina haka zai ajiye ta, kar ya yi mata kwalliya. Kai ɗan fari ne, bakina bai saba da sunanka ba, shi zai sa shi a bayan ambulan.

Ga abin da ya zaunar da ni. Shekaranjiya ina gyaran ƙotar fartanya, 'yarka Tiriza ta zo ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Tsoho, ka nemi wata matar, ni na fita." Na ce, "Da wane laifi, amarya? Ko don haƙoran da suka zube?" Ta ce, "A'a. Baba ya ce in mun je can ni ba Tiriza ba ce, Zainabu ce. Shi kuma Baba, Musa ne. Kuma ran Lahadi babu inda za mu riƙa zuwa." Na yi dariya don kada yarinya ta ga abin da ke fuskata. Da yamma Innarka ta ce mini matarka ta kawo mata gicciyen ɗakinku da carbinta a ƙulle cikin ɗankwali, wai a ajiye sai kun dawo da bazara. Tana miƙawa tana share ido.

Ban ga laifinka a kan tafiya ba. Filin da ya faɗo hannunmu a nan wajen Bunkure a ƙarshen layin ban-ruwa yake, ruwa sai ya ƙoshar da na sama yake tunawa da mu, ba zai ciyar da gida biyu ba. Cin rani ya zama dole. Na kuma san zamani ya yi tsami, kowa ya ji abubuwan da ake ji daga birni, ga shi inda za ka ba ka san kowa ba. Amma dabarar nan ta canja suna ba taka ba ce, tawa ce. A wurina ka gan ta kana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, kuma rabinta ka gani. Bari in cika maka ragowar.

Shekarar babban fari, da gero ya bushe a tsaye a garinmu na tudu, muka ji wai an kawo ruwa Kadawa, ana noma da rani kamar damina. Na ce ƙarya ne sai na gani. Sanyi na fara shigowa muka ɗaure 'yan komatsanmu, ni da Innarka da kai da ƙanwarka Hannatu, muka taka kwana biyu. Da muka hango kanal, ruwa yana tafiya shi kaɗai a tsakiyar busasshiyar ƙasa, alkama kore shar dama da hagu, Innarka ta sauke kayanta ta durƙusa ta yi alamar gicciye. Ni kuwa waige-waige na hau yi, ko wani ya gan ta.

Muka faɗa hannun Malam Ɗahiru, malami ne mai makaranta a ƙofar gidansa, yana da gonar tumatir da ta alkama. Ya dube ni ya ce, "Bawan Allah, yaya sunan?" Nomau ne ubana ya raɗa mini, Bitrus ne Fada, limamin cocinmu, ya ba ni ran baftisma, duka biyun na haɗiye, na ji bakina ya ce, "Garba." Ya ba mu aiki, ya nuna mana inda za mu kafa bukkar kara a gefen gona.

Ita ƙarya ba ta zuwa ita kaɗai, da 'ya'yanta take tafe. Garba dole ya yi salla, ni kuwa ko alwala ban iya ba. Sai na ƙirƙiro ciwon ciki. Da an ce azahar ta yi, ma'aikata sun nufi bakin kanal da butoci, sai in dafe mara in ce, "Wayyo, ya motsa," in faɗa cikin alkama in tsuguna har a sallame. La'asar ma haka. Mutum da girmansa, tsugune a cikin alkamar wani, ƙwari na cizonsa, ba ya yin komai. Kwana uku sai ga ƙwarya daga cikin gidan Malam, jiƙon sabara, wai in sha safe da yamma. Magaji, ban san me aka zuba a jiƙon nan ba lokacin, amma ko jaki ya lasa sai ya yi kuka. Wata uku ina sha a gaban mutane ina godiya. Lafiyayyen cikina sai da ya ɗaure tamau, na koma neman magani na gaske a ɓoye.

To ka ji na farko. Sunan aro ba riga ba ce da za ka tuɓe in ka shiga ɗaki. Kullum sai ka yi masa hidima, safe da rana, kuma ba ya ƙoshi. Kai wataƙila ka iya, kana da wayo fiye da ni. Yarinya 'yar shekara shida fa? Ranar da ta manta ta yi alamar gicciye a kan tuwo a gidan mutane, dukanta za ka yi? A kan me za ka ce mata ka dake ta?

Innarka ba ta tona ni ba, ba ta kuma bi ni ba. Cewa ta yi, "Maigida, kai ka san Garba, ni ban taɓa ganinsa ba. Ran Lahadi ni da 'ya'yana muna da wurin zuwa." Tun da jijjifi za ta wanke ku da ruwan da ke yanka fata, kuna ihu, ta shafe muku ƙafa da man kaɗanya saboda kaushi, ku kama gefen kanal. Tafiya ce mai tsawo, sai rana ta ɗago sosai ake isa wata 'yar coci ta ƙasa mai rufin ciyawa a wajen hanyar Zariya. Fada sau ɗaya yake zuwa a wata, a kan babur, ranar ce ake yin babbar sujada ta Misa. Sauran Lahadin su kaɗai ne, ita da wata mata Ibo mai tuyar ƙosai, da wani direban tarakta mutumin Jos, da tsofaffi biyu da ba sa ji sosai. Innarka ke ja musu addu'a da ka. Ba ta san baƙi ko ɗaya a takarda ba, amma abin da ta ji sau biyu a bakin Fada ya zauna ke nan. Kai ne mai ɗaukar tabarma, kai ne kake goya Hannatu wajen tsallake kwalbati. Ni ina duƙe ina tsinkar tumatir, ina hango ku kuna ƙanƙancewa a kan gefen kanal, in ce wa abokan aiki kun tafi gaida dangi.

Ban taɓa gaya mata ba don kada kanta ya kumbura, kai ma kada ka karanta mata wannan wurin: ban ga mai tsayayyar zuciya irin matar nan ba, a cikin maza ko mata. Ba ta gardama, ba ta wa'azi, ba ta kuma fasawa. In matarka ta ɗauko halinta, kuma na ga alama, kada ka tsaya mata a hanya kamar yadda na yi.

Sai Larabar toka ta zo, ranar shiga azuminmu, ita ma Fada yakan zo ya shafa wa mutane toka. Tumatir ya nuna ko'ina, motoci na jira a bakin titi, ba a ko ɗaga kai. Innarka ta kwashe ku da sassafe, kuka dawo da rana tsaka kowa da gicciyen toka baƙi ƙirin a goshi. Ina hango ku gabana ya faɗi, domin Malam Ɗahiru yana can ƙarshen gona yana duba kwanduna. Na tare ku a bakin ƙaramin kanal na ce mata, "Goge." Ta ce, "Ba ni na sa ba, ba ni zan goge ba." Na san ba zan iya da ita ba, sai na juyo kanka. Na damƙi wuyan rigarka, na ɗebo ruwan kanal a tafin hannuna, na murje maka goshi har ya yi ja. Ba ka yi kuka ba. Ka dai ce, "Baba, Fada ya ce a bari ta fita da kanta." Ka tuna? Na san ka tuna, domin daga ranar ba ka ƙara tambayata me ya sa ba na bin ku ba.

Nan abin da ka gani ya tsaya, don Innarka ta ja hannunka kun shige bukka. Ga wanda ba ka gani ba, kuma kunya ta hana ni gaya maka duk shekarun nan.

Malam ya tako a hankali, ya kifa kwando ya zauna a kai. Ya ce, "Garba, zo nan. Yaya cikin?" Na ce, "Da sauƙi, Allah gafarta Malam." Ya ce, "Madalla. To yaya sunanka?" Na buɗe baki zan ce Garba, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Tun makon farko na sani. Na ga masu ciwon ciki iri-iri, ban taɓa ganin cikin da ya san lokutan salla ba sai naka. Sabarar nan ni na ce a riƙa ƙara mata maɗaci, in ga ranar da za ka gaji. Amma ka cika namiji, ka shanye." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Bitrus." Shi ne karo na farko da na ji sunan a bakina cikin wata uku, har ya yi mini kamar na wani.

Ya ce, "To Bitrus, ƙaryar da ka yi mini ta dame ni, amma ba kamar abin da na gani yanzu ba. Yaro ya je ya gaida Ubangiji yadda mahaifiyarsa ta koya masa, ka hau wanke shi kamar ya faɗa a kwata? Addininka ba nawa ba ne, kuma da za ka ji tawa da na kira ka zuwa nawa, da rana tsaka, ka zo da ƙafarka. Amma wanda ya ji kunyar abin da yake bauta wa saboda kwandon tumatir, yaya zan ba shi amanar gona? Waccan matar taka kuwa, ko makullin rumbuna na ba ta ba zan waiwaya ba."

Na zaci sallama ce za ta biyo, har na fara tunanin inda za mu nufa. Sai ya kawo wata magana. Ka san yadda ruwan nan yake, layinmu sau biyu ake sakar masa a mako, a wancan lokacin ran Juma'a da Lahadi ne, kuma in ya zo dole a tsaya a kansa, ana buɗe wannan fangali ana toshe wancan, in ba haka ba ya wuce gonar gaba sai wani makon. Ashe Malam ya daɗe yana fama. Ran Juma'a kowa na son tafiya masallaci a Kura, ruwa ya zo babu mai tsaya masa, ko kuma wani ya tsaya ya rasa salla yana gunaguni. Ya ce, "Ka riƙe mini Juma'a, ni da mutanena mu riƙe maka Lahadi." Shi ke nan. Abin da na yi wata uku ina ɓoyewa a cikin alkama, shi mutumin yake nema ido rufe.

Lahadin da ta biyo na bi bayanku. Sai da muka wuce kwalbati na biyu Innarka ta ce, ba ta ko juyo ba, "Sannu da zuwa, maigida. Baƙon naka Garba ya tafi lafiya?" Rani huɗu muka ƙara a gonar Malam Ɗahiru, duk shekara sanyi na shigowa mun ɗaure kaya, kuma ban ƙara jin daɗin sujada kamar a 'yar cocin nan ta ciyawa ba, ƙafa duk kaushi, ciki ba komai sai ƙosan matar nan Ibo. A can na koyi addu'o'in da na iya, a bakin Innarka, ina bin ta kamar yaro. Malam ya riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah ya yi masa rahama. Ban san mutumin da ya fi shi gyara mini addinina ba, har da su Fada masu farar riga.

Kada ka ce tsoho ya zaɓo maka mai daɗin kaɗai. Akwai shekarar da Malam ya bar gonar a hannun ƙaninsa, muka nemi aiki wajen wani a gefen Kura. Na faɗi sunana tun kafin in sauke kaya. Ya ce shi ba ya ɗaukar arna, mu ƙara gaba. Muka mayar da kaya ka, muka taka har Bunkure, kwana biyu ba abin da ya shiga cikinmu sai ɗanyen tumatir da gishiri. Ya yi zafi. Har yau in na ga mutumin a kasuwa ba na gaishe shi, kuma ba zan gaishe shi ba, na ce wa Malam Luka ya rubuta haka ko ya ƙi ko ya so. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin kwana biyun nan da waccan wata ukun, kwana biyun zan ɗauka. Yunwar ta wuce tun da muka sami tuwo. Sabarar har yau ina jin ɗacinta.

Saboda haka in kun isa, ka faɗa tun kaya suna kai, kafin a nuna muku masauki. Ka ce, ni wane ne, Kirista ne, ran Lahadi da safe ina da wurin zuwa, ran Juma'a kuwa in kuna son mai tsaya wa injin ban-ruwa ga ni. Wanda zai ƙi ka ya ƙi ka tun ranar, da sauran ƙarfi a ƙafarka. Ba na ce ka je da tsokana ba. In suna salla kada ka gifta gabansu, ka tsawatar wa yara su yi shiru. In azuminsu ya same ku a can, kada a ga ɗanka yana tauna a bakin hanya. Abin da muke sha a nan ran Kirsimeti ka bar shi a nan. Ka gaida manyansu da safe, matarka ta shiga suna da ta'aziyya. Sa'annan ka nemi 'yan'uwa. Tambayi makanikai da masu kemis, ba a rasa ɗaya ko biyu. In babu coci, akwai inuwa, kuna da tabarma, kai kuma ka fi mu, ka iya karatu.

Yanzu na san abin da ke ranka, don ka faɗa a gaban matarka kuma ya dawo kunnena. Ka ce, wane ne zai yi maka maganar Lahadi, mutumin da shekara biyar bai taka coci ba? Ka yi gaskiya, ko da yake ba ɗa ne ya kamata ya faɗa ba.

Ka san dalilina. Filin da cocinmu take kai, gefen gonata ne na yanka na bayar. Tubalin da ke jikinta, da ƙafata na cuɗa ƙasarsa rani guda cur. Ranar buɗewa da Bishop ya zo, aka jera kujeru a gaba, aka zaunar da mai kantin da ya kawo kwanon rufi a mota, aka kira sunansa har sau uku ana tafi, ni kuwa aka ce in matsa wajen ƙofa in riƙa kore awaki. Mai rubutun nan shi ya tsara zaman. Ga shi ya ajiye alƙalami yana cewa, "Haba Baba Bitrus, sau nawa zan ba ka haƙuri?" Na ce masa sai ya cika ɗari, yanzu yana wajen arba'in. An yi mini ba daidai ba, kuma ban janye ba.

Amma kwana biyun nan na zauna na duba kaina. Da can tsoro ne ya hana ni Lahadi, yanzu fushi ne. A wajen yaron da ke kallo duk ɗaya ne, uba yana gida ana sujada. Na ce da Luka nake fushi, alhali ba Luka ake zuwa gani a can ba. Ka yi hankali da irin zuciyar nan, ta gado ce, kakanka ma ya mutu ba ya magana da ƙaninsa a kan iyakar gona. A baƙon wuri za a raina ka, wataƙila ma 'yan'uwanka Kirista ne za su fara. Ka ji haushin mutum iya son ranka, amma kada ka haɗa da ranar Ubangiji.

Duk shekara biyar ɗin nan, tun da gwiwar Innarka ta ƙi, kai kake ɗora ta a keke ka kai ta ka dawo da ita, ko ana ruwa ko ana sanyi, ko ranar da kake da zazzaɓi. Ina zaure ina yi kamar igiya nake tufka, amma ina gani. Yaron da aka murje wa goshi bai bar hanyar ba, wanda ya murje shi ne ya bari. Abin da ya sa maganar Tiriza ta soke ni ke nan. Ka riga ka fi ni, Magaji. Kada ka yi tafiya mai nisa haka don ka koma ni.

Jiya Innarka tana tsince wake ta ce, "To, wa zai riƙa kai ni?" Na ce, "Keken ai nawa ne tun asali." Ta ce, "Keken na san shi, mai tuƙin nake tambaya." Don haka kada ka ɗora shi a mota, ka duba mini birkin baya kafin ka tafi. Zan kai ta. Har bakin ƙofa na ce. Malam Luka yana murmushi, na ce ya shiga taitayinsa. In sanyi ya dame ni a waje har na shiga, to sanyi ne, ba haƙurinsa na karɓa ba.

Ba zan tsare ka jibi in tambaye ka me ka yanke ba, kai magidanci ne. Amma bayan Kirsimeti zan aiko maka wata takarda ta hannun direban da ke ɗauko tattasai daga can. Sunanka na baftisma kaɗai za a sa a bayanta, kuma zan ce wa direban kada ya kwatanta kamanninka, sunan kawai zai tambaya. In mutanen garin sun nuna masa ƙofarka, na ji amsarka. In ya dawo mini da ita ya ce babu mai wannan suna a can, ita ma na ji.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum. Ya ba ka mai gona mai tsoron Allah, ya sa albarka a abin da za ka shuka. Uwa Maryamu ta yi muku roƙo. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce na gode da haƙurinta. Ka ce wa amaryata ban karɓi sakin ba, Tiriza na aura, ita nake jira da bazara.

Ni ne mahaifinka,
Bitrus Nomau,
daga wajen Bunkure, ta hannun Malam Luka. Ga dangwalen yatsana a ƙasa.